Nazarin Lamari: Kurmin da Ɓawon Itacensa Ya Zama Maganin Sankara

Kurmin kafin 1962

Kurmin da wannan nazari ya bi sawunsa yana arewa maso yammacin Amurka, a jihar Washington, yanki mai yawan ruwan sama da hazo. Gandun gwamnatin tarayya ne, kuma abin da ya same shi ya sami maƙwabtansa a Oregon da Idaho da Montana. Arzikinsa a idon hukuma da 'yan katako shi ne dogayen itatuwan da ake yankewa a yi gini da su, wasunsu sun haura shekara 500 a tsaye.

A ƙarƙashin inuwar waɗannan dogaye akwai wani ɗan itace da masana tsirrai ke kira Taxus brevifolia, za mu riƙa ce masa taksus. Gajere ne, da wuya ya wuce mita 15, sau da yawa a karkace yake, ganyensa sirara kamar allura. Ɓawonsa ja-ja ne mai sheƙi, kaurinsa 'yan milimita kaɗan, mutum zai iya ɓamɓare shi da wuƙar hannu. Ba ya fitowa a cunkushe, sai ɗai-ɗai, nan ɗaya can biyu. Girmansa kuma na wahainiya ne: itacen da ya shekara 100 mutum ɗaya zai iya rungume shi har hannuwansa su haɗu da saura. Mutanen asalin yankin sun daɗe suna sassaƙa baka da filafilin kwalekwale da shi saboda taurinsa. 'Yan katako kuwa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. In an gama share fili, sai a tara shi tare da sauran rassa da kututture a cinna wuta. Babu wanda ya taɓa ƙirga ko guda nawa ne a kurmin, domin babu dalilin ƙirgawa.

1960 zuwa 1964: samfuri ɗaya cikin dubbai

A 1960 Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa ta Amurka, NCI, ta ƙulla aiki da Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar: masana tsirrai su riƙa tattaro ganye da saiwa da sassaƙe, a jiƙa su, a gwada ruwan a kan ƙwayoyin sankara. Ba a zaɓe ake yi ba, duk abin da hannu ya kai a ɗauko. Cikin shekara 20 da ɗoriya an gwada jiƙo wajen 114,000 daga nau'in tsirrai kusan 15,000.

A watan Agusta 1962 wani masanin tsirrai mai suna Arthur Barclay ya shiga wannan kurmi, ya yanki ɓawo da rassa da ganyen taksus ya zuba a buhu. A 1964 gwaji ya nuna jiƙon ɓawon yana kashe ƙwayoyin sankarar da ake renonsu a faranti. Aka tura ƙarin ɓawo ga Monroe Wall da Mansukh Wani, masana sinadarai a Research Triangle Institute da ke North Carolina. Waɗannan mutane biyu su ne kuma suka tsamo sinadarin kamtotesin daga wani itacen ƙasar Sin a daidai wannan lokaci, wanda shi ma daga baya ya haifar da magungunan sankara.

1964 zuwa 1971: tace sinadarin

Jiƙon ɓawo yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, kuma ba a san wanne ne mai aikin ba. Hanyar da Wall da Wani suka bi ita ce raba jiƙon kashi-kashi, a gwada kowane kashi a kan ƙwayoyin sankara, wanda ya yi aiki a sake raba shi, wanda bai yi ba a ajiye. Haka suka yi ta yi har 1966, lokacin da suka sami sinadarin tsantsa. Wall ya raɗa masa suna taxol. Gane tsarinsa ya ci wasu shekarun, sai a 1971 suka wallafa shi: atam 47 na kabon, a sarƙe cikin zobba masu cin juna, da wani ɗan reshe rataye a gefe wanda in an cire shi ƙarfin maganin ya tafi.

Tun a nan alƙaluman suka fara magana. Ya zuwa 1969, ɓawo kusan kilo 1,200 ne aka sarrafa, abin da ya fito tsantsa bai wuce giram 10 ba. Ga shi kuma sinadarin ba ya narkewa a ruwa, wanda ke nufin shigar da shi jijiyar majiyyaci zai yi wuya. A gwajin ɓeraye masu sankarar jini, wanda shi ne ma'aunin da cibiyar NCI ta fi dogara da shi a lokacin, aikinsa matsakaici ne. Aka jingine shi na wasu shekaru. Kurmin bai ji komai ba tukuna.

1977 zuwa 1979: abin da ya dawo da shi

Abu biyu suka ta da maganar. Na farko, an gwada sinadarin a kan wata sankarar fata ta ɓeraye, ya yi aiki sosai, a 1977 cibiyar ta amince a ci gaba da shi. Na biyu ya fito ne daga ɗakin binciken Susan Horwitz a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York.

Kowace ƙwayar halitta tana da wasu siraran zaruruwa a cikinta. Idan za ta rabu biyu, zaruruwan sukan haɗu su ja ƙwayoyin gadon halittar zuwa gefe biyu, sannan su warware. Magungunan da aka riga aka sani, irin su binkiristin da binbilastin da aka samo daga wani furen Madagaska, suna hana zaruruwan haɗuwa. A 1979 Horwitz da ɗalibinta Peter Schiff suka nuna taxol akasin haka yake yi: yana barin su su haɗu, sai ya daskarar da su ya hana su warwarewa. Ƙwayar ta tsaya cak a tsakiyar rabuwa, ba gaba ba baya, har ta mutu. Ba a taɓa ganin magani mai irin wannan aiki ba. Masu bincike daga ko'ina suka fara roƙon a ba su ko da miligiram kaɗan ne, odar ɓawo ta tashi daga buhuna zuwa nauyin dubban fam.

1984 zuwa 1989: gwaji a jikin mutane

An fara gwajin farko a jikin mutane a 1984. Tun da sinadarin ya ƙi ruwa, sai aka narka shi cikin wani haɗi na giyar asibiti da Cremophor EL, wanda daga man zurma ake yin sa. Nan wata matsala ta kunno kai. Mintuna kaɗan da ɗaura ruwan, wasu majiyyata sai numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, jiki ya yi borin jini. Wasu cibiyoyi suka dakatar da gwajin. Likitoci suka gwada abu biyu tare: su ja lokacin ƙarin ruwan ya kai awa 24, kuma su riga ba majiyyaci maganin sitiroyid da magungunan kwantar da borin jini. Haɗarin ya ragu ƙwarai, gwaji ya ci gaba.

A 1989 William McGuire da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoton mata masu sankarar ƙwan haihuwa wadda ta yi nisa, waɗanda an riga an yi musu magungunan da ake da su. Kusan kashi 30 cikin 100 ƙarinsu ya ragu. Ga matan da aka ce musu an kai ƙarshen dabara, wannan ba ƙaramin labari ba ne. A 1991 cibiyar M. D. Anderson da ke Texas ta ba da rahoton kashi 56 cikin 100 a ƙaramin rukuni na masu sankarar mama da ta bazu.

1987 zuwa 1992: nauyi ya faɗo kan kurmin

Ga lissafin da kowa ya riƙa maimaitawa a waɗannan shekaru. Itacen da ya shekara 100 yana ba da ɓawo wajen kilo 3, daga ciki a sami taxol kamar miligiram 300, wato kusan allura ɗaya. Majiyyaci ɗaya yana buƙatar wajen giram 2 kafin ya kammala jinya. Ke nan kowane mutum ɗaya sai an kashe masa itatuwa 6 zuwa 7, ko fiye in ƙanana ne. Wajen 1987 cibiyar NCI ta nemi fam 60,000 na ɓawo, kusan kilo 27,000. Gordon Cragg na sashen sinadaran tsirrai a cibiyar ya ƙiyasta cewa yi wa duk masu sankarar ƙwan haihuwa da sankarar fata a Amurka magani zai ci itatuwa 360,000 a kowace shekara.

Aikin ɗiban ɓawon da hannu ake yi. Masu ɓamɓara suna shiga kurmi a lokacin da ruwan itace ke gudu ɓawo yake saɓulewa. A kayar da itacen ko a bar shi tsaye, a tsaga ɓawon da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, a zare shi kamar ana fiɗa, a cusa a buhu. Abin da ke saura shi ne farin gangar jiki tsirara. Itacen da aka zagaye ɓawonsa ba ya rayuwa, domin ta nan abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa.

A Janairu 1991 cibiyar ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Bristol-Myers Squibb ya ɗauki nauyin samar da maganin, wani kamfani a Colorado mai suna Hauser kuma yana tattara ɓawo yana tacewa. Ɗiba ta kai dubban ɗaruruwan fam a shekara. Da ɓawo ya yi daraja, ɓarayi ma suka shiga, ma'aikatan gandun daji suka riƙa cin karo da itatuwan da aka fiɗe cikin dare.

Rikicin ya zo a kan wani rikicin. A 1990 an sa wata mujiya mai ɗigo-ɗigo, wadda ba ta zama sai a tsofaffin kurame, cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, kotuna kuma suka taƙaita sare itatuwa a gandayen gwamnati. Jaridu suka juya maganar ta zama mujiya da itace a gefe ɗaya, mata masu sankara a ɗaya gefen. A wannan shekarar ƙungiyoyin kare muhalli suka nemi a sa taksus shi ma cikin jerin, hukuma ta ƙi a 1991. A lokaci guda kuma akwai majiyyatan da likitocinsu suka nemi maganin aka ce babu.

Abubuwan da aka gwada

Matakin farko shi ne daina asara. A 1992 majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka kan wannan itace, wadda ta wajabta a ɗebe ɓawonsa kafin a sare fili a gandun gwamnati, a kuma ƙirga shi a tsara yadda za a kula da shi. Wannan ya hana ƙona shi a banza, amma bai ƙara ko itace ɗaya ba.

Na biyu, shuka. Kamfanin katako na Weyerhaeuser ya dasa miliyoyin 'ya'yan taksus a gonakin reno. Sai dai itacen da ke buƙatar shekaru aru-aru kafin ya yi ɓawon kirki ba zai ceci mai jinyar bana ba. Amfanin gonakin ya koma ga ganye da rassa.

Na uku, a ƙera sinadarin gaba ɗaya a ɗakin bincike ba tare da itace ba. Ɗakunan bincike da dama a duniya sun shekara fiye da 10 suna tsere a kan haka. A Fabrairu 1994 rukuni biyu suka isa kusan tare: na Robert Holton a Jami'ar Jihar Florida da na K. C. Nicolaou a Cibiyar Scripps da ke California. Bajinta ce babba a ilimin sinadarai. Amma kowace hanya tana da matakai wajen 40, kuma a kowane mataki ana asarar wani kaso, abin da ke isa ƙarshe ɗan mitsitsi ne. Babu masana'antar da ta ɗauki wannan hanya don kasuwa.

Na huɗu ya zo da ɗoki mai yawa. A 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na Jami'ar Jihar Montana suka ba da rahoton wata funfuna da ke zaune cikin ɓawon taksus, wadda suka ce tana yin taxol da kanta. Da a ce haka ta tabbata da yawa, da sai a yi renonta a tanki kamar yadda ake yin fenisilin. Amma abin da aka auna nanogiram ne a kowace lita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram, kuma da aka ci gaba da renonta sai ya ƙara raguwa. Daga baya wasu masu bincike ma sun yi tababar ko funfunar tana da ƙwayoyin gadon yin sinadarin. Har yau ba ta ba da maganin sayarwa ba.

1988 zuwa 1995: mafita daga ganye

Hanyar da ta sauke nauyin ta faro ne daga Faransa. Pierre Potier, a cibiyar binciken sinadaran halitta da ke Gif-sur-Yvette, ba shi da taksus na Amurka, amma yana da ɗan'uwansa na Turai, Taxus baccata, wanda ake shukawa a matsayin shinge da ado. Shi da abokan aikinsa suka duba ganyen maimakon ɓawon. Taxol kaɗan ne a ciki, amma akwai wani sinadari da ake taƙaita sunansa da 10-DAB, har kusan giram 1 a kowane kilo na ɗanyen ganye. Wannan sinadari shi ne gangar jikin taxol, zobban nan masu wuyar ƙerawa duk itacen ya riga ya ƙera su. Abin da ya rage shi ne a maƙala masa ɗan reshen gefe. Ganye kuma in an aske shi yana sake tohowa.

Maƙala reshen bai zo da sauƙi ba, domin wurin da zai kama yana lunƙume a cikin lanƙwasar sinadarin. A 1988 Potier da Andrew Greene da abokansu suka wallafa hanyar farko. A cikin wannan ƙoƙari ne rukunin Faransa ya samo wani sabon sinadari ɗan'uwan taxol, dositaksel, wanda aka sayar da sunan Taxotere, Amurka ta amince da shi a 1996. Holton a Florida ya fito da wata dabarar maƙalawa da ta fi ba da yawa, ya yi mata rajista a 1989, kamfanin Bristol-Myers Squibb ya karɓi lasisinta. Wani kamfanin Italiya, Indena, ya riƙa tace 10-DAB daga ganye.

A 29 ga Disamba 1992 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Taxol don sankarar ƙwan haihuwa, shekara 30 bayan buhun Barclay. Sunan sinadarin na gama-gari ya koma pakilitaksel, Taxol ya zama sunan kasuwa. A farkon 1993 kamfanin Bristol-Myers Squibb ya sanar zai daina dogara da ɓawon taksus na Amurka kafin ƙarshen 1995. Odar ɓawo daga gandayen gwamnati ta faɗi warwas, masu ɓamɓara suka watse. A 1994 aka amince da maganin don sankarar mama.

2002 zuwa yau

Hanyar ganye ta yi aiki, amma tana da nata nauyin: sauye-sauyen sinadari 11 da ruwan narkarwa iri 13. Tun farkon shekarun 1990 wasu ke gwada renon ƙwayoyin itacen su kaɗai, ba saiwa ba ganye, a cikin ruwan sukari da gishirin abinci. Da farko abin da suke bayarwa kaɗan ne. A 1996 masu bincike a Japan suka nuna cewa in an zuba metil jasmonet, sinadarin da tsiro ke fitarwa idan ƙwari sun far masa, ƙwayoyin sukan ɗauka an kawo musu hari su ninka taxol ɗin da suke yi. Kamfanin Phyton ya gina tankuna a Ahrensburg ta Jamus, manyansu na cin lita 75,000, ana renon ƙwayoyin wani taksus na ƙasar Sin. A 2002 Bristol-Myers Squibb ya koma wannan hanya, a 2004 ya sami lambar yabon gwamnatin Amurka ta sinadarai marasa gurɓata muhalli. A shekara ta 2000 cinikin Taxol ya kai kusan dala biliyan 1.6. Yau pakilitaksel yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana ba da shi a sankarar ƙwan haihuwa da ta mama da ta huhu da sankarar Kaposi.

Kurmin ya huta da wuƙa. Ƙananan taksus suna tohowa daga kututture, amma manyan da aka fiɗe sai bayan ƙarni za a ga madadinsu. A 2013 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'in a matsayin wanda ke dab da shiga barazana.

Hukunci

A ganina abin da ya ceci kurmin nan ba doka ba ce, ba kuma tausayi ba. Dokar 1992 ta yi amfani, amma da buƙata ta ci gaba da hawa yadda take, da ba ta riƙe ba, domin babu ɗan majalisar da zai tsaya gaban mace mai sankara ya ce mata itace ya fi ta. Abin da ya yi aiki shi ne canja tambayar. Shekara 20 ana tambayar ina za a ƙara samun ɓawo. Potier ya tambayi wane ɓangare na sinadarin ne itace kaɗai ya iya yi, wane ne kuma mutum zai iya ƙarasawa. Ƙerawa daga tushe ta gaza saboda ta ɗora wa mutum aikin da itace ya fi shi iyawa. Shuka don ɓawo ta gaza saboda ta ɗora wa itace saurin da ba shi da shi. Hanyar ganye ta raba aikin daidai, renon ƙwayoyi a tanki kuma ya ɗauki gwanintar itacen ya bar itacen a tsaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkirin. Giram 10 daga kilo 1,200 an san shi tun 1969. Duk wanda ya riƙe alƙalami a ranar zai iya ganin cewa in maganin ya yi aiki, ɓawo ba zai isa ba. Amma ba a zuba kuɗi sosai a neman wata hanya ba sai bayan sakamakon 1989, lokacin da majiyyata ke kan layi. Akwai uzuri: cikin dubban jiƙo, kaɗan ne ke kai wa ga magani, kuma ba za a gina masana'anta don kowanne ba. Na karɓi wannan uzuri har zuwa 1979. Bayan aikin Horwitz, an san wannan sinadari na daban ne. A cikin shekarun da suka biyo baya ana ƙona taksus a filayen da aka share, a daidai lokacin da gwajin asibiti ke tafiyar hawainiya don ƙarancin magani. Wasu daga cikin matan da aka ce wa babu a 1990 da 1991 ba su kai 1993 ba.

Kuma matsalar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Da kamfanoni da dama suka shiga yin maganin, ɗiban ɓawo da ganye ya koma tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin Sin, inda sa ido ya fi rauni. A 1995 aka sa Taxus wallichiana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ke cikin haɗari, a 2005 aka ƙara wasu nau'o'in Asiya. A 2011 IUCN ta ayyana Taxus contorta, wanda ke fitowa daga Afganistan zuwa Nepal, a matsayin mai fuskantar ƙarewa, kuma ɗiba don magani na cikin dalilan da ta ambata.